Da Turkawa ba su ci Sinnar ba, da gidan Funj na nan?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da Isma'il Pasha, jagoran rundunar Turkawa da ta taso daga Masar, bai shigo Sinnar, babban birnin daular Funj a ƙasar Sudan, a 1821 ba, da gidan Funj na kan sarauta har yau. A ganina da sunan ya saura, amma iko ya daɗe da kuɓuce musu. Amara Dunƙas ne ya kafa daular a 1504, to amma a 1762 Muhammad Abu Likailik, wani kwamandan yaƙi ɗan ƙabilar Hamaj, ya tuɓe Sarki Badi na huɗu. Daga nan wazirai 'yan Hamaj na gidan Abu Likailik ke naɗa sarkin da suka ga dama, su sauke shi in sun gaji. Sarki na zaune a fada da rawaninsa, dakaru da haraji kuwa suna hannun wani.

Saboda haka rigimar gado da za a yi ta gidan Abu Likailik ce, kuma su ma tun lokacin sun fara kashe juna.

Mu 'yan Maiwurno da ke kusa da Sinnar kuwa, kakanninmu da suka taso daga daular Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, da wurin waziri za su nemi filin zama a bakin kogi, maimakon wurin Turawan Ingila.