Taurari a Fim ɗin Silaid: Laifin Gidan Wanki ne ko na Wurin Ɗauka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ɗauki taurarin Kaza da 'Ya'yanta da fim ɗin silaid (wanda hoto ke fitowa a jikinsa da launinsa na gaskiya), Provia 100F, ina barin kyamara a buɗe minti 20. Da aka wanko, sama ta fito kore-kore maimakon baƙa, wani siririn layi ya ratsa hotuna uku, biyu kuma an datse su ta tsakiya. Yaya zan gane ko masu wanki ne suka ɓata mini aiki?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka koma musu da ƙorafi, ɗora fim ɗin a kan haske, ka sa gilashin ƙara girma, ka duba gefensa, wajen 'yan hujojin nan da sunan fim yake rubuce. Hasken kyamara bai taɓa nan ba, don haka duk abin da ka gani a wurin, daga wanki ne ko daga ajiya. Idan wanki ya yi daidai, gefen zai fito baƙi ƙirin, rubutun kuma raɗau.

To, in gefen baƙi ne amma samar cikin hoton ce kore, masu wanki ba su da laifi. Fitilun titi na makuri suna rina sama kore, na sodiyam kuma ruwan lemo. Ko a dajin da babu fitila, iskar sama tana fitar da wani koren haske a nanomita 557.7 wanda ido ba ya kamawa, amma fim yana tara shi cikin minti 20. Wasu fina-finan ma, irin Velvia 50, da kansu suke karkata zuwa kore idan ɗauka ta yi tsawo.

In kuwa gefen ma ya yi kore ko ya dusashe, sai a bi wankin E-6, wato tsarin da ake wanke fim ɗin silaid da shi, mataki-mataki. Ruwan wanki na farko shi ne uwa uba: minti 6 ne a kan digiri 38 na Salshiyos, kuma bai kamata zafin ya kauce da fiye da 0.3 ba. In ya wuce lokaci ko zafi, hoton ya yi fayau, baƙin ya koma ruwan toka, ƙananan taurari su nutse a ciki. In ya gaza, komai ya yi duhu. Bayansa akwai ruwan juyi, minti 2, wanda ke shirya sauran sinadarin azurfa domin ruwan launi ya kama shi. Idan ya tsufa ko ya tsinke, baƙi ba ya cika, yana fitowa kore, kuma wannan ne muka fi zargi a irin matsalarka. Hoton rana yakan ɓoye wannan aibi, amma hoton dare kusan dukkansa baƙi ne, babu inda aibin zai laɓe.

Akwai wanda ake iya gyarawa. Idan manyan taurari sun fito da dauɗa-dauɗa maimakon fari tas, ko fim ɗin ya yi hazo kamar an shafa masa madara, bilic ko fiksa ne, wato ruwan wanki biyu na kusa da ƙarshe, bai gama kwashe azurfa ba. Ka ce su maimaita bilic minti 6, fiksa minti 4, su ɗauraye. Ɓarnar ruwan farko da ta ruwan juyi kam ba ta da magani.

Batun layi kuma, bi shi da ido. Sawun tauraron ɗan adam ko jirgi yana tsayawa a bakin hoton. Wanda ya miƙe sak da tsawon fim, ya ƙetare baƙin da ke tsakanin hotuna, karce ne. Ka karkata fim a gaban fitila za ka ga ya ci jikinsa. In ya sake fitowa a wuri ɗaya a naɗin fim da aka wanke a wani gidan, tsakuwa ce a cikin kyamararka, ka goge farantin da ke danne fim. In bai fito ba, rolar injinsu ce.

Datsewar hotuna ta ta'allaƙa da duhun: injin yanka yana neman iyakar hoto, sai ya tarar da baƙi gaba da baya. Ka riƙa rubuta musu a jikin ambulan cewa kada a yanka, kada a sa a firam. Sannan a farkon kowane naɗi ka ɗauki hoto biyu da rana, da katin ruwan toka a ciki. Su ne za su nuna wa injin iyaka, su ne kuma hujjarka idan launi ya karkace.

TAMBAYA: Na ce a tura mini fim mataki biyu don taurari su ƙara fitowa, sai baƙin ya yi rauni. Kuskure ne?

AMSA: A'a, haka turi yake, wato ƙara lokacin wanki don hoto ya ƙara haske. Ana tsawaita ruwan farko ne daga minti 6 zuwa wajen 8 a mataki ɗaya, wajen 11 a mataki biyu, kuma kowane ƙari yana rage ƙarfin baƙi, yana ƙara tsakin hoto. A wurin da ke da hasken gari, mu dai ba ma ba da shawarar wuce mataki ɗaya.