Gonar barewa a Amurka: daga ranar sanyi ake ƙirgo ranar shuka

Kawu, barka da war haka. Kun tambaya ko da gaske ne a nan mutum kan yi noma don barewa ta cinye. Gaskiya ne, kuma wasu daga cikin mutanenmu da suka daɗe a jihohin Mishigan da Jojiya sun koyi abin wajen maƙwabta. Ɗan fili ne a bakin daji, rabin eka zuwa eka biyu, ana shuka shi don barewa mai farin wutsiya ta saba da zuwa kiwo kafin hukuma ta buɗe farauta. A Mishigan masu baka da kibiya suna farawa ran 1 ga Oktoba, masu bindiga ran 15 ga Nuwamba, kowa da lasisinsa. A kudancin jihar an hana zuba wa barewa hatsi don a jawo ta, amma abin da ya tsiro a gona doka ta yarda da shi.

A gida ruwan farko kuke jira sannan ku fita da sungumi. Nan kuwa baya-baya ake lissafi. Mutum zai nemi ranar da raɓa ta saba fara daskarewa a yankinsa, daga nan ya ƙirgo baya. Dangin kabeji masu saiwa, irin tanif da radish, suna son kwana 60 zuwa 90 kafin ranar. Alkama da danginta, hatsin da a nan ake kira ot (oats) da rai (rye), kwana 30 zuwa 45 sun ishe su. A kudancin Mishigan sanyin kan sauka wajen farko zuwa tsakiyar Oktoba, don haka tanif ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, hatsi kuma ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. A Jojiya sai ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba.

Gaggawa ta fi jinkiri ɓata aiki. Ba zangarniya ake nema ba, ɗanyen tsiro mai taushi barewa ke so, wanda bai wuce taƙi ɗaya ba. In aka shuka hatsi tun farkon Agusta, kafin a buɗe farauta ya yi kara ya yi tauri, sai ta wuce shi ta tafi gonar wani. A kudancin Amurka kuma, irin Jojiya, shukar wuri ita ce abincin tsutsar nan da ta addabi masararku tun 2016, ai daga wannan nahiyar ta je muku. Wanda ya makara kuwa, sanyi kan riske shi tanif bai yi saiwa ba, ga shi sai bayan sanyi ya taɓa ta barewa ta fi cinta, har ta riƙa tono ta cikin ƙanƙara.

Ko kwanan wata ya yi, ba a shuka sai an ga ruwa na tafe cikin kwana biyu ko uku. Binne irin namu yana da haɗari a nan: yayyafi ya tayar da tsiro, rana ta ƙone shi, abin da ya rage tsuntsaye su tsince. Hatsi kilo 45 ne a eka, a zurfin santimita 2 zuwa 3. Irin tanif ƙanana ne, kilo 2 zuwa 3 kawai, a watsa a danne, kada zurfin ya wuce rabin santimita. Mai cika hannu ganye zai samu cunkus, ba saiwa.

Aikin da aka fi mantawa shi ne awon ƙasa. Ƙasar bakin daji tsami gare ta, ana so ma'aunin tsamin, wato pH, ya tsaya tsakanin 6 da 7. Farar ƙasar da ake zubawa don rage tsamin, sau da yawa tan 1 zuwa 2 a eka, tana ɗaukar watanni kafin ta yi aiki, shi ya sa tun Maris ko Afrilu ake zuba ta. Wanda ya tsallake wannan, kuɗin takinsa ya tafi a banza.

Wanda zai ba ku dariya shi ne wake. Waken namu na gida, shi mafarautan kudu ke shuka wa barewa daga Mayu, bayan ƙasa ta yi ɗumi, don ta ci ganyen a lokacin zafi. Matsalarsa daɗi: a ƙaramin fili takan cinye shi tun yana ganye biyu, sai an kewaye shi da wayar lantarki har ya yi yaɗo. Wasu kan kifa ɗan keji na waya a tsakiyar gona. In na ciki ya yi tsawo na waje ya kwanta, to barewa ce ke ci, ba ƙasa ce ta ƙi ba.