Kwamitinmu ya ce kada a yi, hukuma ta yi: ina mafita a doka?

Assalamu alaikum Barista. Shekara biyu ke nan da naɗa ni mamba a kwamitin ba da shawara kan ci gaba mai ɗorewa na yankinmu, ina wakiltar ƙungiyoyin ƙananan manoma da masunta. An kawo mana batun kafa rukunin masana'antu a gefen wani dausayi da jama'a ke noma da kamun kifi a cikinsa. Mun zauna sau huɗu, mun je mun ga wurin da idonmu, muka rubuta rahoto cewa a nemi wani filin. Ba a ce mana uffan ba, sai ji muka yi an amince da aikin a daidai inda muka ce kada a yi. Shugaban kwamiti ya ce rahoton sirri ne, kada kowa ya fitar. Mutanen da nake wakilta kuwa gani suke da mu aka haɗa baki. Za mu iya kai hukumar kotu? Ina da damar nuna wa jama'a rahoton? Ko in ajiye muƙamin in huta?

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da abin da ba zai yi miki daɗin ji ba. A ƙa'ida, kwamitin ba da shawara ba ya yanke hukunci. Wanda doka ta damƙa wa ikon amincewa da aiki, minista ne ko majalisar yanki ko wata hukuma, shi ke da ta cewa, kuma ba ya zama mai laifi don kawai ya saɓa wa shawararku. Idan kika je gaban alƙali da hujja ɗaya tak, wato "mun ce kada a yi, sun yi", hannu rabbana za ki dawo. Amma wannan ba ya nufin an rufe ƙofa. Kotu ba ta cika tsoma baki kan ko matakin hukuma ya dace ko bai dace ba. Abin da take dubawa shi ne hanyar da aka bi aka kai ga matakin. A nan ne kwamiti irin naku yake da nauyin da mambobinsa da yawa ba su san yana da shi ba.

Sai dai nauyin nan ba iri ɗaya ba ne a ko'ina, kuma ba sunan kwamiti ne ke nuna shi ba. Takardar da ta kafa shi ce ke nunawa. Ki nemo ta kafin ki yi komai. Dokar majalisa ce ta kafa ku, ko ƙa'ida ce da aka fitar ƙarƙashin wata doka, ko kuwa wasiƙar naɗi ce kawai daga ofishin wani babba? Bambancin ba ƙarami ba ne. Kwamitin da doka ta kafa, sai doka ce za ta rushe shi, kuma aikin da ta ba shi ba mai ƙwacewa da baki. Wanda aka kafa da wasiƙa kuwa, wasiƙa ta isa ta sallame shi. Biritaniya ta kafa hukumar ba da shawara kan ci gaba mai ɗorewa a 2000, a 2010 gwamnati ta sanar da janye kuɗinta, hukumar ta rufe a 2011. Kanada ma ta rufe makamanciyarta a 2013.

Idan takardar ta zo hannunki, ki nemi sakin layin da ya yi magana kan alaƙarku da hukuma, ki karanta shi kalma bayan kalma, domin a nan shari'ar take. Wata takardar cewa take hukuma "za ta iya" neman shawarar kwamiti. Wannan ita ce mafi rauni: ta ga dama ta nema, ta ga dama ta bari. Wata kuma cewa take "dole ne" hukuma ta nemi shawara kafin ta amince da aikin da ya shafi muhalli, ko dole ne ta yi la'akari da ita. To a nan magana ta sauya. Idan doka ta wajabta tuntuɓa, tuntuɓar je-ka-na-yi-ka ba ta wadatarwa. Wata shari'a da aka yi a Ingila a 1985, wadda lauyoyi ke kira shari'ar Gunning, ta zayyana sharuɗɗan tuntuɓa ta gaskiya: a yi ta tun ba a gama yanke shawara ba, a ba mutane isasshen bayani da za su iya ba da amsa mai ma'ana, a ba su isasshen lokaci, sannan a duba abin da suka faɗa da zuciya ɗaya kafin a zartar. Kotun ƙolin Biritaniya ta tabbatar da waɗannan sharuɗɗa a 2014, kuma kotunan ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila kan ɗauke su a matsayin abin jan hankali, ko da ba su zama tilas a kansu ba. Saboda haka idan ya bayyana cewa an riga an sa hannu kan kwangila kafin rahotonku ya isa, ko rahoton bai taɓa hawa teburin mai yanke hukunci ba, kin sami abin riƙewa.

Akwai kuma mataki na uku, mafi ƙarfi, inda doka ke cewa hukuma ta bi shawara ko ta bayyana dalilin ƙin bi a rubuce. Misalin da na fi so shi ne dokar kare walwalar al'ummomi masu zuwa da yankin Wales na Biritaniya ya yi a 2015. Idan kwamishinan da dokar ta samar ya gudanar da bita ya ba wata hukuma shawara, wajibi ne hukumar ta ɗauki matakan da suka dace don bin ta, sai fa in tana da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma dole ta wallafa amsarta kowa ya gani. Ba a hana ta cewa a'a ba, an dai hana ta yin shiru. In takardarku tana da irin wannan tanadi, shirun da aka yi muku shi kansa saɓa doka ne.

Kada ki ga kamar ku kaɗai aka raina. Haka tsarin yake har a matakin ƙasa da ƙasa. Tun da rahoton 1987 na hukumar Brundtland, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa, ya yayata ma'anar ci gaba mai ɗorewa, wato biyan buƙatun yau ba tare da tauye damar al'ummomi masu zuwa su biya nasu ba, kuma taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a birnin Riyo a 1992 ya ƙarfafa shigar da jama'a cikin yanke shawara, aka yi ta kafa irin waɗannan kwamitoci. Hukumar ci gaba mai ɗorewa ta yankin Bahar Rum, da aka kafa a tsakiyar shekarun 1990 ƙarƙashin yarjejeniyar Basalona ta kare wannan teku, tana zaunar da wakilan gwamnatoci da na ƙananan hukumomi da na ƙungiyoyin farar hula a teburi ɗaya, amma duk da haka abin da ta tsara sai ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar sun amince da shi a taronsu. Su ma muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 alƙawarin siyasa ne, ba doka ba. Ba za ki gina ƙara a kansu kaɗai ba, sai in dokar ƙasa ta ɗauko su ta saka a cikinta.

Mu dawo kan batun kotu. Wa zai shigar da ƙarar? Galibi kwamitin ba da shawara ba shi da matsayin mutum a idon doka, ba ya ƙara, ba a ƙararsa da sunansa, sai in takardar kafa shi ta ba shi wannan matsayi. Ke kanki a matsayin mamba, lauyan hukuma zai fara da tambayar me ya taɓa ki. Waɗanda suka fi kowa hurumi su ne manoma da masuntan da aikin zai raba da abin yinsu, ko ƙungiyarsu mai rajista. Su za su nemi kotu ta duba matakin hukumar, tare da roƙon umarnin dakatar da aiki kafin a kammala shari'a. Kuma a ganina hujjarsu mafi ƙarfi ba lallai ta zama rahotonku ba. A duba ko an yi nazarin tasirin aikin ga muhalli kamar yadda dokokin ƙasashe da dama suka wajabta ga manyan ayyuka, ko an baje nazarin jama'a sun gani, ko an saurari masu ƙorafi, ko an bi ƙa'idar karɓar fili da biyan diyya. Rahotonku zai shigo ne a matsayin shaida cewa an gargaɗi hukuma, ta san haɗarin.

Ku kula da lokaci ƙwarai. Irin wannan ƙara wa'adinta gajere ne. A Ingila, misali, wata uku ne iyaka, a batun izinin gini kuwa mako shida. Ku sa lauya ya duba wa'adin da ya shafe ku a wannan makon, domin da zarar an zuba harsashin gini, alƙalai kan yi nauyin hannu wajen tsayar da aiki. Ki kuma sani cewa ko an yi nasara, abin da kotu ta fi yi shi ne soke amincewar ta ce a sake bin hanya daidai. Hukuma na iya sake dubawa ta koma kan matsayinta na farko, amma wannan karon sai da dalili a rubuce, kuma jama'a na kallo.

Batun sirri kuwa, kada ki fitar da rahoton da hannunki tukuna. Ki tambayi shugaban, a rubuce kuma cikin girmamawa, wane sashe ne na takardar kafa kwamiti ko ƙa'idojin zamansa ya mai da rahoton sirri. Sau da yawa za a tarar babu, al'adar ofis ce kawai. Amma ki duba wasiƙar naɗinki da duk takardar da kika sa wa hannu ranar kama aiki. In akwai alƙawarin riƙe sirri a ciki, karya shi zai iya jawo a tsige ki, kuma ya ba hukuma damar karkatar da magana daga dausayi zuwa kanki. Hanya mai tsabta ita ce ƙungiyar da kike wakilta ta nemi rahoton ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, in ƙasarku tana da ita. Ƙa'ida ta 10 ta sanarwar taron Riyo ta tsaya ne kan wannan haƙƙi, kuma a kanta aka gina yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa guda biyu kan haƙƙin jama'a a batun muhalli, ta Aarhus ta 1998 da ta Escazú ta 2018. A Amurka ma, dokar kwamitocin ba da shawara ta tarayya ta 1972 ta mai da buɗe zama ga jama'a da ajiye cikakken bayanin abin da aka tattauna su ne asali, rufewa kuwa sai da dalili. In an shiga kotu, lauya zai iya roƙon a umarci hukuma ta gabatar da rahoton.

Zargin haɗa baki da ake yi miki ciwo ne, na sani, amma a doka ba ki ɗauki alhakin matakin da ba ke kika ɗauka ba. Abin da kan jefa mamba cikin matsala shi ne ɓoye wata maslaha tasa a aikin da ake tattaunawa, kamar fili a wurin ko hannun jari a kamfanin. In babu wannan, ki kwantar da hankalinki. Sai dai ki tabbatar bayanan zaman kwamiti sun nuna matsayinki, ki karɓi kwafinki, ki kuma nemi a kira zama don kwamitin ya rubuta wa hukuma yana neman amsa kan shawararsa. In shugaba ya ƙi, ki duba ƙa'idojinku, wataƙila sun ba wani adadi na mambobi ikon tilasta kiran zama. In hakan ya gagara, ki rubuta taki wasiƙar, ki ajiye shaidar cewa an karɓa.

Murabus haƙƙinki ne, ba mai hana ki. Ni dai ba zan ba ki shawarar yin sa yanzu ba. Muddin kina kan kujerar, takardu na zuwa hannunki, kina da ikon sa batu a jadawalin zama, kuma idan aikin ya ci gaba, kwamitin ne zai iya matsa wa a sa sharuɗɗa: tazara tsakanin masana'antu da ruwa, tace gurɓataccen ruwa kafin a sake shi, hanyar da masunta za su riƙa bi, da binciken da za a riƙa wallafa sakamakonsa. Ki bari sai amsar hukuma ta zo, ko wa'adin da kuka ba ta ya cika. In a lokacin kika ga tafiya ce ta fi, ki rubuta dalilanki a takardar murabus, ki sa lauya ya duba ta kafin ki miƙa, don kada wata jimla a ciki ta zama fallasa sirri ko ɓata sunan wani.