Sabarar tudu da ta bakin rijiya

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan la'asar ina gindin bedi. Wai kana son sanin ko al'adar gidanmu ta ɗebo ganyen magani a tudu tun rana ba ta fito ba tana da tushe, ko camfi ce, tunda malaminku a jami'ar Yamai ya ce iska ta sauya har ganye ya sauya. Na yi dariya har gwaggonka ta leƙo. Yaron da bai san sabara da kalgo ba shi zai ɗora Kaka a sikeli! Bayan dariyar kuma sai jikina ya yi sanyi.

A farin 1973 ina ɗan shekara goma sha uku, babanka ko yaye ba a yi masa ba, zawo ya kama shi har idanunsa suka faɗa. Kaka ta tashe ni kafin kiran salla ta ce in je tudun bayan gari in karyo sabara. Ga duhu, ga yunwa, ga tsoron kura. Sai na zame zuwa garkar bakin rijiya, inda wata sabara ke jikin shinge tana shan ruwan da ya zube daga guga. A duk garin ita kaɗai ke da kore a shekarar, ganye fato-fato. Na ciko hannu na dawo ina taƙama. Kaka ba ta tambaye ni inda na je ba. Ganye ɗaya ta tauna, ta tofar, ta ce, "Wannan ƴar gata ce. Abin da bai sha wuya ba, ba ya ɗauke wuyar wani." Ta ɗauki sandarta, tsohuwa da ciwon gwiwa, na bi ta a baya kunya kamar ta kashe ni. Sabarar da ta tsaya a kanta ƙanana ne ganyenta, fari-fari da ƙura, ko akuya sai ta yi shawara. Ta sa na tauna. Bauri ya tattare mini baki har na kasa haɗiye yawu. Ita aka dafa, aka tace, aka riƙa ɗura wa babanka da ludayi. Allah ya yi da sauran kwanansa. Kada ka ɗauki wannan hujja: yau in yaro na zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari a kai shi likita.

Sai da na shiga aikin gandun daji, muna dashe a Keita, cikin jihar Tawa, bayan farin 1984, na fara gane abin da harshenta ke aunawa. Malaminka bai yi ƙarya ba. Iskar kabon ita ce tuwon ganye. Kafin zamanin masana'antu wajen kashi 280 ce cikin miliyan na iska, da aka fara awonta a tsibirin Hawai a 1958 ta kai wajen 315, yanzu ta haura 420. Itatuwa da yawancin ganyayen magani sun fi hatsi da dawa cin ribarta: su yi saurin girma, su ɗan tsuke ƙofofin numfashinsu, ruwa ya daɗe musu. To amma ƙasa ba ta ƙara ko cokali ba. Shi ya sa a gwajin alkama da shinkafa aka ga sinadarin gina jiki da na ƙarfe sun ragu, kamar furar da aka cika wa ruwa. Magani kuwa ba hanya ɗaya ya bi ba. Baurin nan, irin na bagaruwa da majema ke jima da shi, da kabon ake gina shi, sau da yawa ƙaruwa yake yi. Maganin da ya dogara da takin ƙasa kuwa yana iya raguwa. Ka ga damƙi ɗaya na Kaka yau yana iya gazawa, yana iya wuce gona da iri, kuma abu irin filasko ba a wasa da awonsa.

Wannan bai dame ni ba kamar yadda ku ke saye. Garin magani a leda, daga mai lasifika a tasha, ba ku san dajin ba, ba ku san watan da aka cire ba, ba mai ɗanɗanawa. Kaka in za ta sassaƙi ɓawo, gabas kaɗan, yamma kaɗan, in ta tona saiwa ta mayar da ƙasa, tana cewa icce ma yana da ƴaƴa. Yanzu a zagaye marke da gatari a bar shi tsirara.

Batun asuba kuwa, na taɓa tambayarta, ta ce ganye baƙo ne, a gidansa ake samunsa kafin rana ta fitar da shi. Daga nan ba ta ƙara ba, ni ma ban sake tambaya ba. In ka zo babbar salla ka zo da takalmin kirki, ba wannan silifa ba, tudun yana nan. Gwaggonka ta ce ka taho mata da ganyen shayi.