Ga mai shirin zuwa koyar da Turanci a Kumasi

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin Turanci a Zariya, wata makarantar kuɗi a nan Kumasi ta ce ka zo a gwada ka a aji, kuma darasin da suka zaɓa maka shi ne yadda ake neman shawara da bayar da ita da Turanci. Kana tambaya ta ina za ka kama.

Bari in fara da takardu, don su ke mayar da mutane gida. Ɗan ECOWAS yana shigowa Gana ya yi kwana 90 ba biza, amma aiki sai da izinin hukumar shige da fice. A 2018 kuma aka fara rubuta jarrabawar lasisin koyarwa. Ka tambayi makarantar wa zai ɗauki nauyin waɗannan, a kuma rubuta maka albashinka da sidi, kuɗin Gana, kafin ka hau mota.

Yaran da za ka tarar 'yan ƙaramar sakandare ne, JHS, ta shekara 3, masu shirin BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandaren. In makarantar a Aboabo take ko Asawase, yawancinsu Hausa suke yi a gida, Tonanci (yaren Twi) a kasuwa, Turanci a aji. Hausarsu ta Zango ce, za ka ji an ce da mace "ya zo", kada ka tsaya gyarawa, ba abin da ya kawo ka ke nan ba. Kai ma ka kula da bakinka, in ka ce "froblem" sai zangon karatu ya ƙare suna kwaikwayonka.

Nahawun ba shi da wuya. "What should I do?" da "You should" da "Why don't you" da "If I were you, I would", cikin minti goma sun hardace. Inda gizo ke saƙar shi ne tarbiyya. Yaron da aka rena a kan cewa ba a yi wa babba gyara, ba a kuma fasa sirrin gida a waje, shi kake so ya miƙe gaban 'yan ajinsu ya faɗi damuwarsa. Ba zai yi ba. In ka matsa masa, sai ya karanto maka ta littafi, ciwon kai da shan magani, ajin ya mutu.

Abin da nake yi, ina shiga da kwalin alli da ƙananan takardu. Kowa ya rubuta damuwa ɗaya, ba suna, ya ninke ya jefa. A nan gaskiya ke fitowa. Wata ta rubuta cewa daga makaranta sai rumfar mamarta a kasuwar Kejetia, daga can sai Islamiyya, yaushe za ta yi bita? Wani babansa na so ya zaɓi kimiyya a babbar sakandare, shi kuwa zane yake so, magana ce mai zafi tun da aka mayar da babbar sakandaren kyauta a 2017. Wani abokinsa ya ci bashinsa ya daina gaishe shi. Sai in raba su biyu-biyu, ɗaya ya zari takarda ya mayar da damuwar tasa, ɗaya ya ba shi shawara. Tunda ba tasa ba ce, kunya ta kau, sai ka ji baki ya buɗe.

Amma ka fara duba takardun kai kaɗai. Wani lokaci a ciki akwai abin da ba na aji ba ne, duka ko maganar aure. Irin wannan aljihu ake sa ta, a kai wa shugaban makaranta.

Sai mataki na biyu, wanda a ganina shi masu gwajin za su fi dubawa. Yara sun fi son "You must", kowa umarni suke ba shi. Ka sa su maimaita shawara ɗaya sau uku: ga aboki, ga yaya, ga limamin unguwa. Da kansu za su ji ta limami ba ta zauna ba sai an sassauta, a nan ka ba su "Maybe you could". Ladabin suna da shi, ɗan Gana da "please" yake buɗe kusan kowace magana, har amsar tambaya. Ka kuma koya musu ƙin shawara ba tare da an ɓata ba, a yi godiya sannan a kawo uzuri.

Kurakurai biyu za su yi ta dawowa, "should to go" da "advices". Kada ka katse yaro yana tsakiyar magana. Ka tara su, ka rubuta a allo minti biyar kafin a buga ƙararrawa, su gyara da kansu. Kwalin da takardun ka zo da abinka a jaka, kada ka dogara da na ofis.