Amsa kan asali da tsarin sojojin igwa na Najeriya

Malam, ka tambayi inda sojojin igwa na Najeriya suka samo asali da kuma yadda aka tsara su a yau. Tushensu yana cikin rundunar da Turawan Ingila suka kafa a Yammacin Afirka, wadda take da ƴan ƙananan igwogi da ake kwancewa kashi-kashi, ƴan dako su ɗauka a ka. Da irin waɗannan ne dakarun Kanar Morland suka fasa ƙofar ganuwar Kano a watan Fabrairun 1903, bayan ita ganuwar kanta, saboda kaurinta, ta gagari harsasan.

A yau hedikwatar wannan sashe tana Kontagora, makarantar horar da su kuma tana Kachia a jihar Kaduna. Birged-birged ɗinsu suna ƙarƙashin manyan rundunonin ƙasa: birged ta 31 a Minna, ta 32 a Akure, ta 33 a Bauchi, ta 34 kusa da Owerri, sai ta 35 a Abeokuta.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, a ganina, shi ne mai harba igwa ba kasafai yake ganin abin da yake harbi ba. Wani jami'i ne yake laɓewa can gaba da madubin hangen nesa, ya aiko da bayanin wurin ta rediyo, masu lissafi su fitar da nisa da kusurwar da za a ɗaga bakin igwar, sannan a saki wuta, shi kuma ya riƙa gyara musu saiti har harsashi ya faɗa daidai.