Silin Gashi Ɗaya Ya Cinye Min Kyamara

Ka ce hotunan da ka ɗauka a cikin ruwan ninkaya sun fito shuɗaye, fuskar yarinyar kamar ta mai jinya, kana tambaya ko sabuwar kyamara ce maganinsu. Yaro, ba laifin kyamara ba ne, nesa ka tsaya. Ruwa jan launi yake fara shanyewa, kafin ka kai zurfin mita 5 ya kusa ɓacewa, kuma tazarar da ke tsakaninka da ita ai duk ruwa ce. Sa lens mai faɗi ka matsa har ka kusa taɓa ta. Filasha ka janye shi gefe, in ka bar shi a kan kyamara duk dattin ruwan zai fito maka kamar ƙurar hunturu. Yarinyar kuma ta fitar da iska kafin ta nutse, kada ta cika kumatu. Saitin haske ba zan tsaya koya maka ba, shekara biyu kana ɗaukar min jaka.

Ku yaran yanzu kullum maganar sayen sabo, ba mai tambayar zoben robar nan da ke bakin akwatin da ake rufe kyamara a ciki, wanda ke hana ruwa shiga. To ni shi ya ƙona min rai.

Wata mai sayar da tufafi ta ɗauke ni aiki a wani otal a Abuja, 'yan matan talla uku, rigunan shifon masu tashi a ruwa. Awa biyu ta kama wurin. Na sa an kashe injin da ke juya ruwan, samansa ya kwanta ya zama madubi. Wallahi har yau ban sake ɗaukar irin hotunan rabin awar farko ba. Sai batir ya yi ƙasa. Ƙa'idata in shiga ɗaki, in goge akwatin ya bushe, in zare zoben in bi shi da yatsa, in shafa masa man silikon kaɗan. Hajiyar ta tsaya a kaina tana faɗa, wai lokaci na tafiya, yaran suna rawar sanyi, kulorin ya jajanta musu ido. Na biye mata. Nan bakin ruwa na buɗe, inda ake taje wa ɗaya daga cikinsu gashin kanti. Sili ɗaya ya kwanta a kan zoben, ban gani ba.

Ina nutsewa na ga ruwa yana taruwa a ƙasan gilashin, kamar cokali ɗaya, kafin in taso ya kai rabi. Canon 5D Mark III da lens ɗinta, kuɗin da na yi shekara uku ina tarawa, suka tafi. Memori kaɗai ya tsira. Na tura mata hotuna goma ta WhatsApp don ta ga aiki ya yi kyau. Ta sa su a Instagram, ta yi ciniki da su, cikon kuɗina kuwa ta ce ban kammala ba. Ko sannu ba ta ce min ba. Na bar ta da Allah, amma ban yafe ba.

Gobe ƙarfe bakwai ka zo da akwatin ba kyamara a ciki. Za ka cusa tishu, ka rufe, ka nutsar da shi minti goma. In tishun ya fito a bushe, sannan zan bari ka taɓa kayana. Wayarka kuma ka bar ta a aljihu.